Inda Mai Ke Zuwa In Ƙasa Ta Shanye Shi

In bakanike ya zubar da baƙin mai a bayan gareji, kafin gari ya waye ƙasa ta shanye shi. Mai wucewa sai ya ce ya ɓace. Bai ɓace ba, tafiya ya soma.

Tsakanin ƙwayoyin yashi akwai 'yan kafofi. Ta nan ruwan sama ke bi, ya taru can ƙasa inda masu haƙar rijiya ke iske shi. Mai ma ta nan yake bi. Yashi yakan ba shi hanya, amma yumɓu yakan tare shi, sai ya ratse gefe. Da ya kai ga ruwa sai ya kwanta bisansa, kamar yadda man gyaɗa ke tasowa bisa miya, gama ruwa ya fi shi nauyi. Ruwan nan kuwa ba a tsaye yake ba, gangarawa yake yi sannu sannu. Dafin da ke cikin man yakan narke a ciki, ya bi shi har rijiyar mutanen da ba su san an zubar da kome ba.

To, yaya za a san inda ya nufa, alhali ido ba ya ganinsa? A shekarar 1856 wani injiniya mutumin Faransa, Henry Darcy, ya bayyana yadda ya cika bututu da yashi, ya zuba ruwa, ya auna saurin wucewarsa. Har yau da lissafinsa ake aiki. Masana sukan huda ƙasa wuri-wuri, su duba irinta, su auna zurfin ruwa, sa'an nan su ba kwamfuta. Ita kuwa ta zana musu taswirar inda dafin zai kai nan da shekara 5 ko 10, don a san rijiyar da za a rufe.

Amma masanan da kansu sukan yi gargaɗi, wai kwamfuta ba ta san abin da ba a gaya mata ba. In akwai wata jijiyar yashi cikin yumɓu, ba a gano ta ba, lissafi ya ɓaci ke nan. Saboda haka dole a riƙa ɗibar ruwa ana gwadawa.

A ƙasar Ogoni, cikin Jihar Ribas, an ga wannan masifa. A 2011 masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da labarin abin da suka tarar a Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun mai. Man da ke kwance bisa ruwan ƙasa kaurinsa ya kai santimita 8, watau wajen inci 3. Wani dafi mai kawo ciwon daji, ana ce da shi banzin, ya ninka abin da aka yarda da shi a ruwan sha fiye da sau 900, mutane kuwa suna sha. Masanan suka ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30.