Kallon Yautai da Almuru: A Duba Inda Ake Takawa

Masu dawowa daga gona ta gefen Takur a Dutse bayan faɗuwar rana sukan tarar da wani tsuntsu ya yi lamo a tsakiyar hanya, idanunsa na ƙyalli jajir a hasken fitilar babur. Yautai ke nan. Kana matsowa sai ya tashi ya sauka gaba kaɗan, ka bi shi ya ƙara gaba, shi ya sa Bahaushe ke ce masa mugun tsuntsu. Alhali bai tare wa kowa komai ba. Ƙwari yake cafkewa a sama da faffaɗan bakinsa. Ba ya saƙa sheƙa, a dandaryar ƙasa macen ke ajiye ƙwai ɗaya ko biyu. Akwai ma irin da namijinsa ke fitar da dogon gashi guda a kowane fiffike lokacin barbara, idan yana shawagi sai ka rantse wasu 'yan tsuntsaye biyu ne ke biye da shi.

Abin kallo ne, babu shakka. Sai dai lokacin da yautai ke fitowa, lokacin ne kububuwa da kasa ke barin maɓoyarsu, kuma gindin duwatsu irin na Dutse wurin zamansu ne, su da kunama. Wanda ya zuba wa tsuntsu ido ba ya ganin abin da ke gaban ƙafarsa. Don haka a sa takalmi sau-ciki, ba silifa ba, a riƙe tocila da sanda, kada a cusa hannu a kogon dutse. A tafi mutum biyu ko uku, a kuma sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri, don mai yawo da tocila a bayan gari da dare ba kowa zai yi masa kyakkyawan zato ba.

Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotse. A hana shi yawan motsi, a garzaya da shi asibiti. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma jinkiri a wurin mai maganin gargajiya yana cin rai.

Ba yautai kaɗai ne tsuntsun dare ba, akwai mujiya. Iyaye, ku karɓe danƙo daga hannun yara. Mujiyar da suke jifa ita ke rage muku ɓeraye a rumbu.