Tankin Tsohuwar Mota Na Yoyo: Me Ke Huda Shi, Kuma Yaya Ake Gyara Shi Ba Tare da Gobara Ba?

A gidaje da dama akwai wata tsohuwar mota da aka jingine a gareji ko a gindin bishiya, ana cewa wata rana za a tayar da ita. Sau da yawa Peugeot 504 ce, wadda muka fi sani da Fijo, motar da ta fito a Faransa a 1968, aka kuma shafe shekaru ana haɗa ta a Kaduna. Ranar da aka ce yau za a tayar da ita, an sa sabon batir, an zuba fetur, sai a ji wari ya cika wurin. A leƙa ƙarƙashi a ga mai yana ɗiga. Ko kuma ta tashi, ta yi ɗan tafiya, ta mutu, bakanike ya buɗe filta ya tarar da jan gari kamar garin bulo.

Abu na farko da ke zuwa ran mutane shi ne a cire tankin a kai wa mai walda. To, a nan babban haɗarin yake. Kafin mu zo kansa, bari mu ga abin da ya huda tankin tun farko.

Ruwa ne ke huda tanki

Fetur ba ya cin ƙarfe. Tsatsa tana bukatar abu uku a wuri guda: ƙarfe, iskar oksijin, da ruwa. Idan babu ruwa, ƙarfe zai daɗe sosai bai yi komai ba. To ina ruwa ya fito a cikin tankin da fetur kawai ake zuba masa?

Hanya ta farko ita ce raɓa. Tankin tsohuwar mota yana da 'yar kafar shan iska. Da rana iskar da ke ciki ta yi zafi ta kumbura ta fita, da dare ta huce ta janyo sabuwar iska daga waje. Wannan sabuwar iska tana ɗauke da laima, musamman da damina. Idan ta taɓa jikin ƙarfe mai sanyi sai ta zama ɗigon ruwa, kamar yadda kuke gani a jikin kwalbar lemo da aka ciro daga firij. Gwargwadon yawan sararin da babu mai a cikin tanki, gwargwadon yawan iskar da ke shiga da fita. Hanya ta biyu kuwa man ne da kansa ke zuwa da ruwan, misali wanda ya kwana a jarka ko duro da ba a rufe da kyau ba.

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo 1 ne, ta fetur kuwa kusan giram 740. Ba sa kuma gauraya. Don haka duk ɗigon da ya shiga sai ya nutse ya kwanta a ƙasan tanki, fetur ya rufe shi ta sama, ya hana shi bushewa. Haka zai zauna wata da watanni a wuri ɗaya.

Masu ƙera motocin da sun san da wannan, shi ya sa suke shafe ƙarfen tanki da wani siririn rufi, galibi haɗin dalma da kuza. Amma bayan shekara talatin ko arba'in rufin yakan kwarzane ko ya cinye a wasu wurare, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsatsa ba ta toshe wurin da ta ci. Tana da burtsi-burtsi kamar soso, tana riƙe ruwa, tana ɓamɓarewa ta buɗe sabon ƙarfe a ƙarƙashinta. A haka ramin ke nitsawa har ya ɓullo waje kamar hudar allura. Shi ya sa idan ka ga huda ɗaya daga waje, to ka sa a ranka cewa akwai wasu da dama a ciki da suka kusa ɓullowa.

A ƙasashen da ake gauraya fetur da sinadarin itanol, matsalar ta fi tsanani. A Amurka an daɗe ana sayar da fetur mai kashi 10 cikin 100 na itanol, Birtaniya ma ta koma kansa a watan Satumba na 2021. Itanol yana tsotsar laima daga iska, idan ruwan ya yi yawa sai su rabu da fetur su kwanta tare a ƙasa. Motocin zamani da yawa ba ruwansu da wannan, domin tankinsu na roba ne mai kauri.

Tankin da babu komai ya fi cikakke haɗari

Abin da ke kamawa da wuta shi ne tururin fetur idan ya gauraya da iska, kuma sai gaurayar ta faɗa cikin wani ma'auni: tururin ya kai kusan kashi 1.4 cikin 100 na iskar, kada kuma ya wuce kusan kashi 7.6. A tankin da ke da mai sosai, tururin da ke samansa yakan wuce wannan iyaka, iskar oksijin ta yi kaɗan. Da zarar an juye man, iska ta shiga, gaurayar na iya sauka daidai inda take fashewa.

Mu yi ɗan lissafi. Lita ɗaya ta fetur idan ta zama tururi takan ba da lita 170 zuwa 180. Tanki mai cin lita 50 yana bukatar tururi lita 0.7 ne kacal ya kai kashi 1.4 ɗin nan. Wato fetur kusan mililita 4, bai ma cika cokalin shayi ba. Wannan ɗan abin yana iya maƙalewa a haɗin ƙarfe, ko cikin tsatsa, ko a daskararren dattin da ke ƙasa. Ko an ɗauraye tankin da ruwa, zafin walda zai fito da shi.

Wasu kan ce ai sun sha yi, su zura tiyo daga salansa su cika tankin da hayaƙi. Hayaƙin salansa ba abin dogaro ba ne, don yana iya ɗauke da ragowar oksijin da man da bai ƙone ba. Inda ake wannan aiki bisa ƙa'ida, ana wanke tankin da tururin ruwan zafi, a auna cikinsa da na'urar gano gas, sannan a cika shi da iskar da ba ta cin wuta, kamar naitirojin. Idan babu waɗannan, kada wuta ta kusanci tankin, har da tartsatsin injin gurza ƙarfe. A kuma tuna cewa tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, yana bin ƙasa ya tarar da murhu ko janareta can nesa.

Yadda ake gyara ba tare da wuta ba

Da farko a cire kan batir, a juye man a jarkar da ta dace, a sauke tankin a fili inda iska ke kaɗawa. A cire na'urar auna mai da tiyoyi.

Sai wanki da ruwan zafi da sabulu mai cire maiƙo, sau da yawa, har wari ya ragu sosai. Tsohon fetur yana barin wani danƙo, kuma idan ba a cire shi ba duk aikin da zai biyo baya ɓarna ne. Daga nan a zuba noti ko guntuwar sarƙa a girgiza don kakkaɓe tsatsar da ta saki. A ƙirga notin kafin a zuba, a ƙirga bayan an fitar.

Tsatsar da ta rage da asid ake cire ta. Wanda aka fi amfani da shi shi ne asid ɗin fosforik, wanda ke cikin yawancin magungunan tsatsa na kanti. Yana narkar da tsatsa, ya kuma bar wani rufi mai launin toka a jikin ƙarfe da ke ɗan kare shi. Ruwan khal ma yana yi, sai dai yakan ɗauki kwanaki. Kada a yi amfani da ruwan batir: yana cin lafiyayyen ƙarfe, yana ƙona fata da ido. A sa safar hannu da tabarau. Kada kuma a yi mamaki idan bayan wannan wanki hudoji sun ƙaru. Da ma suna nan, tsatsa ce ta ɓoye su.

Bayan ɗauraya, a busar da tankin nan take, a rana mai zafi da iska tana ratsa shi. Ƙarfen da aka wanke tas yana iya fara ja cikin sa'o'i kaɗan.

Don gano hudoji, a toshe bakuna, a hura iska kaɗan da famfon keke, a shafa kumfar sabulu a waje. Inda kumfa ta taso, nan ne. Kada a yi amfani da injin masu faci, ƙarfinsa zai iya kumbura tankin ya yage haɗinsa.

Ƙananan hudoji ana liƙe su daga waje da gam ɗin ifoksi wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure fetur, bayan an goge wurin da samfefa da hannu har ƙarfe ya fito fes. Sannan a zuba ruwan rufi na cikin tanki, a jujjuya ya game ko'ina, a tsiyaye ragowar, a bar shi ya bushe iya kwanakin da kamfanin ya faɗa. A tabbatar bai toshe bututun mai da kafar iska ba. Idan akwai saura maiƙo ko laima, rufin zai ɓare daga baya ya toshe filta da kafireto, a koma gidan jiya.

Dabarar direbobi ta goga sabulun wanka a kan huda tana aiki na ɗan lokaci, domin sabulu ba ya saurin narkewa a fetur. Amma ruwan sama na farko zai wanke shi. Ta kai ka gari ce kawai.

Yaushe za a haƙura?

Idan ka danna ƙasan tankin da yatsa ka ji yana lotsawa, ko hudojin sun yi yawa kamar rariya, ko yoyon daga haɗin ƙarfe yake, to gam ba zai riƙe ba. A nemi wani tankin, a leƙa cikinsa da tocila kafin a biya kuɗi. Tocila fa, ba ashana ba.

Wanda kuma tankinsa ke lafiya, rigakafin ba shi da tsada. Idan mota za ta daɗe a ajiye, a bar tankin kusan cike don rage wurin iska, a tabbatar murfinsa na rufewa da kyau, a riƙa wanke laka da ke taruwa a samansa da ƙarƙashin ɗaurinsa, a kuma riƙa fita da ita lokaci-lokaci don man ya juya.