Son maso wani a waƙoƙin ƙasashen Sifaniyanci

Bahaushe ya ce son maso wani ƙoshin wahala. Da ka saurari waƙoƙin gargajiya na masu magana da Sifaniyanci, sai ka ce a kan wannan karin maganar suka gina su. Daga ƙasar Sifen har Meziko da Chile, mawaƙi ya fi yawan rera wa wanda ya tafi ko ya ƙi shi, ba wanda yake hannu ba.

Abin ya samo asali tun zamanin Andalus. Mawaƙan Larabci na wancan lokacin sukan rufe waƙar muwashshah da 'yan baitoci da ake kira kharja, wasu a harshen mutanen gari wanda ɗan'uwan Sifaniyanci ne. A yawancinsu budurwa ce take kai kuka ga uwarta ko 'yan'uwanta mata saboda masoyi ya yi nisa, har kalmar habib takan fito. Waɗannan suna cikin tsofaffin waƙoƙin soyayya da aka samu a rubuce a wannan dangin harsuna.

A kudancin Sifen ɗin dai flamenco ya tashi, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2010. Ɗaya daga manyan salonsa ana ce masa soleá, daga kalmar da ke nufin kaɗaici.

A Meziko kuma akwai ranchera. Gwaninta José Alfredo Jiménez bai iya karanta rubutun kiɗa ba, amma ya tsara ɗaruruwan waƙoƙi. Jarumin waƙoƙinsa sau da yawa namiji ne da mace ta juya wa baya, ya tafi mashaya yana kuka a gaban jama'a. Shi kansa ciwon hanta ya kashe shi a 1973, yana da shekara 47.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Violeta Parra ta Chile, wadda ta bi ƙauyuka tana tattara waƙoƙin manoma. Da masoyinta Gilbert Favre ya bar ta ya koma Bolibiya, ta yi waƙar “Run Run se fue pa'l norte” a kan tafiyarsa. A Fabrairun 1967 ta kashe kanta, ga ciwon zuciya, ga zauren waƙar da ta kafa a Santiyago babu masu zuwa.

A matsayina na malami, abin da na ɗauka a nan biyu ne. Waɗannan al'ummu sun ba wanda aka ƙi damar faɗin ciwonsa ba tare da an yi masa dariya ba. Mu kuwa, saurayi in ya yi zancen, sai a ce “kai ba namiji ba ne?” Amma fa waƙa tana fitar da ciwo ne kawai, ba ta warkar da shi. Yaronka ko ƙanwarka in ta yi shiru tana ta maimaita waƙa ɗaya a waya, zauna ka tambaye ta lafiya.