Amon gitar a kunnen Arawa

Daga Lugu, garin Sarauniya, har zuwa Dogondutsi da Tibiri, ba a koya wa Ba'are sauraron tsarkiya. Goge ke kiran iskoki a dandalin bori, gurumi kuwa abin hira ne da zuga gwanaye. Saboda haka gitar ta katako, wadda ba ta bukatar lantarki, ta tarar da kunnen da zai auna ta.

Cikin irin wanga kayan kiɗa, makaɗa sun daɗe suna girmama Martin, kamfanin Amurka da aka kafa a 1833, musamman samfurinsa D-28 da ya fito a 1931. Asirinta ga ice yake. Fuskarta icen ƙasashen sanyi ne marar nauyi, an fere shi har kaurinsa ya komo wajen milimita 3, an tokare shi daga ciki da ƴan sanduna. In an taɓa tsarkiya, fuskar ce ke rawa. Baya da gefuna kuwa ice ne mai tauri daga Brazil ko Indiya, shi ke mayar da amo waje. Manyan tsarkiyoyi su yi gunji kamar tambari a nesa, ƙanana su yi zaƙi tas, amon kuma ya jima bai mutu ba. Masu ita na cewa tsufa ƙara mata murya yake yi, shi ya sa ake gadonta. A 2020 an sayi wata Martin ta mawaƙi Kurt Cobain a kan dala miliyan 6. Amma wannan kuɗin suna ne, ba na amo ba.

Icen fa ƙarewa yake yi. Tun 1992 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin na Brazil tsakanin ƙasashe, sai tsohon yanka mai takarda. A 2017 ta sa takunkumi ga madobiya ta Afirka ta Yamma, wadda ake sassaƙa balafon da ita, bayan ƴan kasuwa sun yi mata sara ba ƙaƙƙautawa.

Gurumi bai san wannan damuwa ba. Ƙwarya ce, da fata, da sanda, da tsarkiya biyu ko uku. Da mai tsarkiya biyu Malam Maman Barka, malamin makaranta da ya rasu a 2018, ya yi suna a Nijar.

Kowanne da lokacin da ke wahalshe shi. Da damina fatar gurumi kan saki, muryarsa ta dushe, sai an kanga ta ga wuta. Gitar kuwa hunturu ne abokin gabanta: busasshiyar iskar Dallol Mawri na iya tsaga fuskar nan siririya. Dole mai ita ya rufe ta cikin akwatinta tare da ɗan soso mai laima, nesa da rana, har iska ta sauya.