Koren saƙo ba ya nufin an ajiye komai

Yau maganar ta masu kula da kwamfutocin ofis ce, amma ku da kuke koyon harkar, ku matso kusa.

Akwai babbar kwamfuta da ake ce wa uwar garke. Ana tsaga ta gida-gida, a ƙirƙiri ƙananan kwamfutoci a cikinta, wannan ta albashi, waccan ta imel. Su ake kira VM. Da dare manhajar ajiye kwafi, irin su Veeam, takan ɗauki hoton kowace ta kai wani ma'aji daban. Da safe admin ya tarar da saƙo: kore an yi nasara, ruwan ɗorawa akwai gargaɗi, ja abu ya faskara.

Ni fa ja ba ya tayar min da hankali. Ihu ne, dole ka ji. Ruwan ɗorawan nan ne mutane suke raina wa. Misali a VMware, idan aka saita wani faifai a matsayin mai zaman kansa, hoton ba ya haɗawa da shi. Manhajar za ta kwafe sauran, ta tsallake wannan, ta rubuta a rahoto cewa ta tsallake. Wanda bai buɗe rahoton ba sai ya ɗauka komai lafiya, alhali wataƙila a wannan faifan ainihin bayanan suke.

To amma wanda ya fi duka haɗari shi ne shiru. Ku tuna kiran suna a aji. Yaron da ba a taɓa rubuta shi a rajista ba, malam ba zai ce bai zo ba, don bai ma san da shi ba. Haka VM ɗin da wani ya ƙirƙira da rana tsaka ya manta bai sa ta cikin jadawalin kwafi ba. Babu ja, babu gargaɗi. Saƙo kullum kore, domin jadawalin yana ba da labarin waɗanda ya sani ne kawai.

Shi ya sa manhajoji masu kyau suke ƙirga ta ɗaya ɓangaren. Su ɗauko jerin duk VM ɗin da ke kan uwar garke, su tambayi kowace: yaushe rabonki da kwafi? A Proxmox, shafin ajiye kwafi yana sanar da kai cewa akwai waɗanda babu jadawalin da ya rufe su, ka danna ka ga sunayensu. Veeam ONE kuma yana da ƙararrawa da kake saita mata wa'adi, a ce awa 24, duk wadda ta wuce haka ba sabon kwafi sai ta buga.

Sai dai ita ma ƙararrawar, wa ke jin ta? Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure, kusan gigabait 300. Da suka je ɗauko kwafi, ashe wannan tsarin ya daɗe ba ya aiki. Kuma yana ta aika imel yana faɗa, amma ana watsi da saƙonnin a hanya saboda ba su cika ƙa'idar tantance mai aikawa ba. Wani kwafi da aka yi da hannu awa 6 kafin nan ne ya cece su, aikin awa 6 ɗin kuwa ya tafi. Su da kansu suka wallafa bayanin, abin a yaba ne gaskiya.

Don haka idan an damƙa maka uwar garke, wannan makon ka ƙirƙiri VM ta gwaji, kada ka sa ta a kowane jadawali, ka jira. Idan kwana biyu suka wuce babu abin da ya shigo wayarka, ka san inda za ka fara gyara. Sai mun haɗu a shiri na gaba.