Abubuwan Da Ke Tsananta Ciwon Magudanar Maɗaciya

Hanta ita ke yin ruwan nan mai ɗaci da ke taruwa a maɗaciya, sa'an nan ya bi wata siririyar magudana ya zuba cikin hanji. Muddin yana gudana, to, lafiya lau. In kuwa tsakuwa ko ƙari ko macijin ciki ya toshe hanyar, sai ruwan ya kwanta, ƙwayoyin cuta su hauro daga hanji su hayayyafa a cikinsa, daga nan su kutsa cikin jini.

Tun 1877 wani likitan Faransa, Charcot, ya bayyana alamominsa uku, watau zazzaɓi da shawara da ciwo a saman ciki ta hannun dama. A 1959 Reynolds da Dargan suka ƙara biyu, watau faɗuwar ƙarfin jini da ruɗewar hankali. Wanda waɗannan biyu suka bayyana gare shi, ransa na cikin haɗari.

Ba kowa ciwon ke kayarwa daidai ba. Ƙa'idojin Tokyo, waɗanda aka fitar a 2007 aka kuma sabunta a 2013 da 2018, sun lasafta shekara 75 zuwa sama, da zazzaɓin da ya kai digiri 39, da shawara mai tsanani cikin abubuwan da ake wa kallon tsoro. In ƙoda ko huhu ya fara gazawa, ciwon ya kai matakin ƙarshe ke nan. Haka kuma wanda ciwon daji ne ya toshe masa hanyar ya fi mai tsakuwa shan wuya.

Sai dai duk waɗannan ba su kai jinkiri ɓarna ba, alhali shi ne ke hannun mutane. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsa ruwan da ya kwanta sosai, sai an zura na'ura ta baki an buɗe hanyar, ko an huda ta fata an tsiyaye shi. A ƙasar Hausa kuwa, da ido ya yi rawaya sai a ce shawara ce, a dafa sassaƙe a zauna jira. Ga kuma masu sikila da yawa, waɗanda tsakuwar maɗaciya kan kama tun suna yara, idonsu kuma ya saba yin rawaya har iyaye sun daina razana. Irin wannan yaro, in zazzaɓi da rawar ɗari suka haɗu masa da ciwon ciki, a ranar ya kamata ya kwana asibiti.