Littattafan koyon makaniks mai zurfi

Makaniks mai zurfi wani reshe ne na ilimin fiziks da ke nazarin motsin abubuwa ta hanyoyin lissafi da suka wuce dokokin Newton guda uku da ake koyarwa a sakandare. A jami'o'in Najeriya ɗaliban fiziks kan haɗu da shi ne bayan sun gama darussan farko na kalkulas, galibi a aji uku. Daga cikin jami'o'in da ke da sashen fiziks akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa a masarautar Hadeja, wadda aka kafa a shekarar 2013 da sunan Jami'ar Jihar Jigawa. Kusan duk littattafan wannan fanni da Turanci suke, kuma sun bambanta ƙwarai wajen wahala, shi ya sa littafin da ɗalibi ya fara da shi kan yi tasiri a kan fahimtarsa.

Abin da fannin ya ƙunsa

Isaac Newton ya wallafa dokokinsa a littafin Principia a shekarar 1687. A 1788 Joseph-Louis Lagrange ya fitar da wata hanya ta daban wadda ta dogara da makamashi. Ana ɗaukar makamashin motsi a cire makamashin da ke ajiye, a rubuta shi L = T − V, sannan daga nan a fitar da lissafin motsin. William Rowan Hamilton, ɗan ƙasar Ayaland, ya faɗaɗa wannan hanya a shekarun 1830.

Lilo misali ne mai sauƙi. A hanyar Newton sai an lissafa ƙarfin da igiya ke jan lilon da shi, wanda yake canjawa kowane lokaci. A hanyar Lagrange kuwa abu ɗaya ake bi, wato kusurwar da igiyar ta karkata, kuma ƙarfin jan igiyar ba ya shiga lissafin. Fannin ya kuma ƙunshi zagayen duniyoyi, da juyawar abubuwa masu tauri, da ƙananan girgiza, da sakamakon da Emmy Noether ta wallafa a 1918 wanda ya bayyana dalilin da ya sa wasu abubuwa, kamar makamashi, ba sa ƙaruwa ko raguwa. A kan hanyar Hamilton ne aka gina ilimin kwantam, don haka wanda bai fahimce ta ba zai sha wahala a darussan gaba.

Littattafan digiri na farko

Classical Mechanics na John R. Taylor ya fito a 2005. An san shi da bayani dalla-dalla, kuma ba ya tsallake matakan lissafi. Ya fara da bitar dokokin Newton, ya koyar da lissafin da ake buƙata a babi na 6, sannan ya shiga hanyar Lagrange a babi na 7 da ta Hamilton a babi na 13. An sa wa tambayoyinsa taurari daga ɗaya zuwa uku gwargwadon wahalarsu.

Classical Dynamics of Particles and Systems na Jerry Marion ya fara fitowa a 1965, daga baya Stephen Thornton ya sabunta shi. Matakinsa kusan ɗaya ne da na Taylor, sai dai lissafi ya fi yawa a cikinsa, bayanin ya fi gajarta.

Introduction to Classical Mechanics na David Morin, wanda madaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga a 2008, yana ɗauke da tambayoyi sama da 250 tare da cikakkiyar amsa. Yana da amfani ga mai karatu shi kaɗai, ko da yake wasu tambayoyin na da wuya sosai.

Theoretical Mechanics na Murray Spiegel, cikin jerin littattafan Schaum, ya fito a 1967. Bayaninsa kaɗan ne, misalan da aka warware ne suka cika shi, don haka ya fi dacewa a haɗa shi da wani littafin.

Littattafan babban digiri

Classical Mechanics na Herbert Goldstein ya daɗe yana matsayin babban littafin wannan fanni. Bugu na biyu ya fito a 1980, na uku kuma an yi shi tare da Charles Poole da John Safko. Tun a babi na farko ya kai ga lissafin Lagrange, domin ya ɗauka mai karatu ya riga ya ƙware a matakin ƙasa.

Mechanics na Lev Landau da Evgeny Lifshitz shi ne juzu'i na farko a jerin littattafansu na fiziks da aka fassara daga Rashanci. Bai kai shafi 200 ba, amma gajartarsa ba ta nufin sauƙi, domin yakan bar wa mai karatu cike matakai da yawa da kansa.

Mathematical Methods of Classical Mechanics na Vladimir Arnold, wanda ya fito da Rashanci a 1974, an rubuta shi ne da harshen masana lissafi, kuma ya fi dacewa da ɗaliban lissafi masu zurfi.

Yadda ake zaɓe

Abu na farko shi ne matakin lissafin ɗalibi. Ana buƙatar kalkulas mai canji fiye da ɗaya, da lissafin bekta, da matiriks. Wanda bai riƙe su da kyau ba zai fi amfana da Taylor, domin yana koyar da wasu daga ciki a kan hanya. Idan dokokin Newton ne ba su zauna ba, An Introduction to Mechanics na Kleppner da Kolenkow, na 1973, shi ne matakin da ya kamata a fara takawa.

Na biyu shi ne misalai da amsoshi. Wannan fanni ba ya zama sai da warware tambayoyi, kuma littafin da ba shi da amsoshi yakan bar mai karatu ba tare da sanin ko ya yi daidai ba. Na uku shi ne manhajar sashe: ya kamata a gwada jerin darussan malami da abubuwan da ke cikin littafin kafin a saya.

Na huɗu shi ne kuɗi. Littattafan da ake shigowa da su daga Amurka da Ingila suna da tsada idan aka mayar da farashinsu naira. Tsohon bugu yakan wadatar, tunda ginshiƙan fannin ba su canja ba. Akwai kuma laccocin David Tong na Jami'ar Kambirij mai suna Classical Dynamics, waɗanda ake samu kyauta a intanet, kuma sun ƙunshi hanyar Lagrange da juyawar abubuwa masu tauri da hanyar Hamilton. Tsarin da ya fi sauƙi ga ɗalibin digiri na farko shi ne ya riƙi Taylor ko Marion a matsayin babban littafi, ya yi atisaye da Morin ko Spiegel, ya ajiye Goldstein da Landau har sai ya gama zagaye na farko.